Takalman Baba Zungu

"Ina takalman?" na ce.

Nobuhle ta sake zazzage ledar da aka ba ta a asibiti a kan teburin ubanta. Kwat ɗinsa mai ruwan toka, wando, tabarau, da ɗan abin da yake cusawa a kunne don ya taimaka masa da ji. Babu takalmi, babu safa.

"Mama MaNgema, don Allah ki ƙyale ni," ta ce. Kwana ta yi a mota daga Johannesburg, idanunta sun kumbura suntum. "Ubana ya mutu, ke kina ta takalmi."

"Ni na ɗaure masa su jiya da safe da hannuna. Baƙaƙen nan na zuwa coci."

"To sun faɗi a wani wuri. Asibiti ne, mutane kamar ƙasa."

Na juya na dubi Zakhele. Yana jingine da ƙyaure, da baƙin gilashi a fuska, a cikin ɗaki, a gidan mutuwa. Shi ne ya ɗauki Baba Zungu a motarsa ranar Alhamis da sunan kai shi ganin likita. Shi ne kuma ya dawo da yamma shi kaɗai, ya ce tsohon ya yanke jiki ya faɗi a kan bencin masu jiran layi, kafin a kawo ɗauki rai ya yi halinsa.

"Kai ka ga takalman?" na ce masa.

"Ban lura ba, Mama." Bango yake kallo da ya faɗi haka.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Baba Zungu a Umlazi, a gefen Durban, tun 'ya'yana suna rarrafe. 'Yan layinmu suna ce da ni mai sa ido, kuma ban taɓa musawa ba. Labulen tagata ya fi wasu masu gadin aiki. To abin da na sani game da maƙwabcina, wanda ko 'yarsa ta manta, shi ne wannan: mutum ne mai kunyar ƙafarsa. Ko shara zai fito zubarwa sai ya sa safa ya ɗaure takalmi. Wuri ɗaya kaɗai yake cire su a gaban mutane, gaban akwatunansa.

Akwatunan kiɗa yake ƙerawa, a wani ɗan ɗakin kwano da ke bayan gidansa. Da gyaran rediyo ya fara, daga nan ya koma gyaran fiyanon coci-coci, sai kuma wata rana muka ji wani gurnani yana fitowa daga bayan gida, kofunana suna rawa a kan kanta. Na leƙa ta katanga na gan shi zaune gaban wani akwatin katako, da maɓallai farare da baƙaƙe a gaba, wayoyi kala-kala sun fito ta ko'ina kamar hanjin akuya. Ba tsirkiya, ba fata, ba abin busawa. Daga wutar lantarki kawai yake tatso murya, ya murɗa nan ta yi kukan jariri, ya murɗa can ta koma rurin bijimi. Na farkon nan ya sa masa suna Buzuzu, kuma sunan ya dace da shi.

Ni ban taɓa son ƙarar ba, gaskiya ɗaya ce. Amma makaɗa suna so. Daga KwaMashu suke zuwa, daga Soweto, har daga Maputo wani ya taɓa zuwa ya kwana biyu a ƙofar gida. Baba Zungu ba ya ƙera wa mutum akwati sai ya zaunar da shi ya ji yadda yake waƙa, ya ga yadda yake taka ƙasa. Kuma duk wanda zai taɓa akwatinsa sai ya tuɓe takalmi. "Kunne maƙaryaci ne," in ji shi, "tafin ƙafa ba ya ƙarya." A ƙarshe abin ya zo masa daidai, domin kunnen nasa ya mutu tun kafin gashinsa ya gama fari, ya ci gaba da aikinsa da ƙafa. Sai ya ɗora tafinsa a kan daɓen katakon da ya yi wa ɗakin, ya lumshe ido, ya gaya maka wace waya ce ta saki.

Saboda haka da aka ce gawar Baba Zungu ta shiga hannun malaman asibiti ba takalmi, ni na san da walakin, goro a miya.

Zakhele kuwa na san shi tun yana ɗan mawaƙin coci mai wando ɗaya. Baba Zungu ne ya ƙera masa akwatin da ya fito da shi duniya. Akwai lokacin da ba za ka shiga motar haya a Durban ba ka ji muryarsa, da gurnanin nan na bayan gidan maƙwabcina yana bin ta a ƙasa. Da ya yi suna sai ya ɓace, ko gaisuwar Kirsimeti ba ya aikowa. Sai bana, da labari ya bazu cewa zuciyar tsohon ta fara gazawa, sai ga shi da ledar lemo da gaisuwa har ƙasa. Kullum yana nan, kullum idonsa yana kan ɗakin kwano. Na ce a raina, in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Ita ma Nobuhle ba ta yarda da shi ba. Zuwanta na ƙarshe kafin rasuwar, bayan likita ya ce a raba tsohon da hayaniya da duk abin da zai tayar masa da hankali, ta sayo ƙaton kwaɗo ta garƙame ɗakin kwano, ta miƙo min makullin ta kan katanga. Sannan ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya yadda Zakhele da abokansa za su ji.

"Akwatunan nan sun cinye ƙuruciyata, sun cinye kunnensa, ba za su cinye sauran ransa ba. Duk wanda ya kai shi gaban lasifika, na rantse sai na ɗaure shi."

Baba Zungu yana zaune a kujerarsa yana kallon bakinta. Gyaɗa kai kawai yake yi kamar ana ba shi labarin ruwan sama.

Ranar Alhamis ɗin da zai mutu na shiga da safe na kai masa kunun masara, na tarar har ya sa kwat, yana fama da igiyar takalmi, yatsunsa sun kumbura sun ƙi lanƙwasuwa. Na durƙusa na karɓa.

"Takalmin coci za ka sa don ganin likita?" na ce da ƙarfi, ina kallon fuskarsa don ya karanta bakina.

"Likitan mace ce," ya ce. "Kyakkyawa kuma. Kina kishi ne, MaNgema?"

"Kishin wa? Tsoho da ƙafa kamar doya?"

Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun ranar da aka sa kwaɗon nan, kuma ko a lokacin sai da na tsargu. Amma Alhamis ranar taron matan coci ce, farar hulata da jar rigata suna jirana a goge. Na ɗaure igiyar tamau, na yi masa ƙulli biyu, na tafi. Wanda ya zaɓi Alhamis ya san ranar da labulena yake hutu.

Bayan maganar ledar asibiti, na bari sai da hankalin mutane ya koma kan kafa rumfar makoki, na ɗauki makullina na zaga baya. Kwaɗo yana nan a garƙame, ko ƙwarzane babu. Amma ta ɗaya gefen, kusoshin da suka riƙe ƙyauren suna ta ƙyalli, an kwance su an mayar. Na buɗe na shiga. Ƙaurin dalma da ƙura suka tare ni. A kan teburin da Buzuzu yake zama tun ina da sauran haƙorana, babu komai sai gurbinsa, fes a tsakiyar ƙura.

Na je na ja Nobuhle gefe na gaya mata an ɗauke Buzuzu, kuma Zakhele nake zargi.

"Ya ɗauka ya je ya dafa ya cinye," ta ce. "Mama, ni ko kyauta aka ba ni akwatin nan ba na so."

"Ba akwatin ne damuwata ba, 'yata."

"To mene ne?"

Na buɗe baki, sai ga matan coci sun shigo da waƙa, ta zame ta tafi tarbarsu.

Makon nan duka makaɗa suka yi ta zuwa. Tsofaffi masu sanda, matasa masu kitso da 'yan kunne, wata mata mai kiɗan coci da ta zo tun daga Ladysmith. Suna zama a rumfa su sha shayi su ci burodi, kowa da labarinsa. Wani ya ce Baba Zungu ya taɓa korar sa don ya zo da safa mai wari. Wani ya ce duk kiɗan nan da yaran yanzu suke haɗawa a kwamfuta, mai girgiza gilashin mota, jikan Buzuzu ne, ko sun sani ko ba su sani ba. Wani tsoho ya ce shi har a ƙasar Jamus ya hau dandamali ba takalmi, Turawa suka zaci al'adarmu ce, ya bar su a haka. Aka yi dariya. Amma na lura da abu ɗaya: da zarar na matso da butar shayi, sai hira ta mutu, kowa ya shiga neman wani abu a cikin kofinsa. Na gwada su. Na tsaya a tsakiyarsu na ce, "Oh, bawan Allah, ya mutu shi kaɗai a kan benci cikin baƙi." Matar Ladysmith ta tashi ta fita tana share ido. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ranar Laraba Baffa Obed ya iso daga Nongoma, ƙanin mamacin, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana. A hannunsa akwai reshen magaryar kura da ya yanko daga gida, ya naɗe gindinsa da jarida saboda ƙaya. Da shi zai je inda ɗan'uwansa ya cika, ya kira shi da sunan kakanninsu, ya ɗauko shi ya kawo shi gida, kafin a wuce da gawa ƙauye. Aka tsayar da ranar Juma'a, Zakhele ne zai kai shi. Jiki kam ko daga ina mota tana kawo shi. Amma shi mutumin, in ba a je daidai inda ya faɗi aka kira shi ba, can zai zauna yana jira.

Na ga reshen nan, sai na tuna da nawa rashin. Mijina ya mutu a Johannesburg a shekarun da ake kashe-kashe a gidajen kwanan ma'aikata. A ɗakin ajiye gawa muka same shi, babu wanda ya iya gaya mana a wane titi ya faɗi. 'Yan'uwansa suka ja reshe a ƙofar ɗakin gawar don dai a ce an yi. Har yau nakan gan shi a mafarki, tsaye a bakin wata hanya da ban sani ba, da jakarsa a hannu, yana duban motoci. Fasto ya ce in bar wannan tunani, mijina yana hannun Ubangiji. Na ce amin. Amma mafarkin bai ji huɗubar ba.

Na tare Zakhele a bakin famfo yana wanke hannu.

"Ranar Juma'a ina za ka kai Baffa Obed?"

"Asibiti mana, Mama."

"Wane benci?"

"Na nuna masa in mun je."

"Cire gilashin nan ka dube ni."

Bai cire ba. Ya yarfe hannunsa ya ce, "Mama MaNgema, ke dai ba ki taɓa ƙaunata ba."

"Ban taɓa ba," na ce. "Amma ba shi na tambaye ka ba."

Ya wuce ya bar ni da famfo yana zuba.

Na yi tunanin in tara mutane in fasa ƙwan, amma da me? Da takalmin da babu, da ƙusa mai ƙyalli? Cewa za a yi tsohuwa ta fara ruɗewa. Saboda haka ranar Juma'a da safe, da Zakhele ya kawo motarsa ta ɗaukar kayan kiɗa, ban jira gayyata ba. Na yafa bargona na shige na zauna daidai bayan kujerarsa. Nobuhle ta dube ni ta yi tsaki a hankali ta zauna kusa da ni. Baffa Obed yana gaba, reshe a kan cinyarsa.

Muka gangara layinmu, muka wuce masu soya fanke, muka wuce tashar motoci. Ina kallon ƙeyar Zakhele, gumi yana bin ta duk da sanyin safiya. Da muka doshi mararrabar da ake karyawa hagu zuwa asibiti, sai na ce, "Baffa, in tambaye ka mana."

"Ina jin ki."

"In aka ja reshe a inda mutum bai mutu ba, me ke faruwa?"

"Ganye aka kawo gida," ya ce, bai ko waiwayo ba.

"Shi kuma fa?"

"Yana can inda aka bar shi. Ya ga an kwashe kowa, ya ga an kashe fitila. Ba zai san hanya ba sai an gaya masa."

"Har yaushe?"

"Ba shi da yaushe."

"Nawa mijin ya kusa shekara talatin a tsaye," na ce. "Shi dai nasa ba wanda ya sani ne. Ban san yadda mutum zai sani ba, ya yi shiru, kuma ya iya barci."

Danja ta ba mu hannu. Motar ba ta motsa ba. Na bayanmu suka fara danna oda, wani direban haya ya leƙo yana zagin uwar Zakhele. Shi kuwa ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace masa. Can sai ya cire gilashin ya ajiye, ya karya dama, hanyar Isipingo.

"Ina za ka kai mu?" in ji Nobuhle. "Zakhele, asibiti yana can!"

"Ba a asibiti ya mutu ba, ƙanwata."

Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Mako guda ina jiran wannan magana, da ta fito sai jikina ya yi sanyi.

Yana tuƙi yana magana, muryarsa tana karyewa. Ya ce tsohon ne ya roƙe shi, tun watanni. Akwatunan da ya ƙera sun watsu a duniya, bai taɓa jin su tare ba, yana so a tara masa su wuri ɗaya ko sau ɗaya ne. Shi ya sa Zakhele ya yi ta bin makaɗa gari-gari, shi ya sa suka zo. Shi tsohon da kansa ya nuna masa yadda zai kwance ƙyauren ɗakin kwano ba tare da ya taɓa kwaɗo ba. Ranar likita kuwa babu ita, ƙirƙirarta suka yi su biyu.

"Ka kashe min uba," Nobuhle ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta kan kujera ta kai masa duka a kafaɗa, ta sake, ta sake, har sai da na riƙe ta. "Na ce kada a kai shi. Na faɗa da bakina. Kuma ka zauna a rumfata mako guda kana shan shayina."

"Tsoro na ji," ya ce. "Da ya faɗi na ɗauke shi na ruga asibiti, ko da na san ya riga ya tafi. Da suka tambaye ni sai ƙaryar ta fito. Daga nan na kasa mayar da ita. Na roƙi sauran su rufa min asiri."

"Su rufa maka asiri, shi kuma a bar shi a titi," na ce.

Baffa Obed ya gyara jaridar gindin reshensa.

Inda ya kai mu wani tsohon gidan rawa ne a bayan shagunan Indiyawa, fentinsa duk ya ɓare. A ƙofa muka tarar da makaɗan, da yawansu, a tsaitsaye. Ashe kullum suna zuwa nan bayan sun bar rumfar makoki, su zauna su rasa abin yi. Da suka ga reshe a hannun Baffa Obed sai suka dare biyu. Matar Ladysmith ta ɗora hannu a ka ta ce, "Kai, Allah na gode maka."

Ciki daɓen katako ne, faɗi guda. An jera akwatunan a kewaye, manya da ƙanana, wasu katakonsu ya yi baƙi don tsufa, wani an ɗaure shi da waya, wani an manne masa hoton Yesu. Babu wanda ya iya ɗauke nasa. Buzuzu yana tsakiya a kan teburi. Na ce a raina, to bai sayar ba, ko kuma dai bai sami mai saye ba tukuna. Gaban teburin akwai farar kujerar roba guda ɗaya. A ƙarƙashinta ga takalman nan baƙaƙe, a jere, an cusa safa a cikin kowanne.

"Ni na kwance masa," Zakhele ya ce. "Ya ce matar nan tana ɗaure takalmi kamar mai ɗaure akuya."

Na yi kamar ina gyara bargo.

Zakhele ya ci gaba: "Ya ɗora ƙafarsa a ƙasa, muka fara. Bai daɗe ba ya ɗaga hannu, ya nuna akwatin wancan mutumin da babban yatsan ƙafarsa, ya ce muryar wannan ta sauka, rabonka da ka kawo shi in duba? Aka gyara. Muka sake tashi gaba ɗaya. Ya lumshe ido ya kwantar da kai, yana murmushi. Muka yi ta yi, muka yi ta yi. Mun zaci saurare yake."

Nobuhle ta tsaya tana kallon kujerar, hannayenta a harɗe.

Baffa Obed ya matsa gaba. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya shafa reshen a kan kujera, ya shafa a daɓen da ke gabanta.

"Zungu," ya ce, yana jero sunayen kakanninsu. "Manzini. Yaya, ni ne Obed. Na zo in tafi da kai gida. Tashi mu tafi."

Ya kasa kunne. Mu ma haka. Ya sake kira, da ƙarfi wannan karon. Sannan ya zauna a kan dugadugansa, ya girgiza kai, ya dube mu. Daga lokacin da ya miƙe da reshen nan ba zai ƙara yi wa mai rai magana ba sai ya isa gida, shi ya sa ya faɗi abin da ke ransa tun bai miƙe ba.

"Mutumin nan kurma ne. Yana da rai ma sai na taɓa shi yake sanin ina magana. Ta yaya zan san ya ji ni?"

Babu wanda ya yi dariya. Makaɗan suka dubi Buzuzu, suka dubi Nobuhle, suka sunkuyar da kai. Zakhele ya ɗaga ƙafa zai matsa, ta ce, "Kada ka taɓa." Ya tsaya cak.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sunkuya ta zare takalminta mai tsini, ɗaya bayan ɗaya, ta taka zuwa gaban teburin. Ba ta tambayi kowa inda ake kunnawa ba. Hannunta ya zaga bayan akwatin ya dawo, wata 'yar jar fitila ta kama. Ashe tana yarinya, kafin ta tsani ɗakin kwanon nan, a cinyar ubanta take zama. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin ƙarshe na hagu ta danne.

Kusan ba a jin komai da kunne. Ta ƙasa abin ya zo. Na ji ana ta motsi a bayana, na waiwaya na ga makaɗan suna tuttuɓe takalma, tsofaffi suna dafa kafaɗar matasa. Ni da na shekara arba'in ina zagin gurnanin nan ta kan katanga, na zame silifas ɗina na taka katako. Ya shigo ta tafin ƙafata, ya hau ƙwauri, ya zo ya zauna a ƙirjina. Ganyen magaryar da ke kwance a daɓe ya shiga karkarwa. Hawaye yana zuba a fuskar Nobuhle har yana ɗiga a kan maɓallan, amma ba ta ɗaga yatsanta ba.

"Yauwa," in ji Baffa Obed a hankali. "Yaya, ka ji ko? 'Yarka ce. Tashi, ga ƙofa can."

Ya miƙe da reshen, ya juya, ya nufi ƙofa bai waiwaya ba. Nobuhle ta saki maɓallin. Mutane suka buɗe masa hanya ba mai ko tari. Na tsuguna na ɗauko takalman daga ƙarƙashin kujera.

A waje Nobuhle ta tsaya gaban Zakhele. Na zaci wani dukan ne, kuma da ban riƙe ta ba wannan karon. Sai ta nuna masa kujerar direba da haɓa. Har yau ba ta yafe masa ba, ni ma kuma ban fara yarda da shi ba, amma shi ya san hanya.

Baffa Obed ya buɗe ƙofar gaba, ya kwantar da reshen a kan kujera, ya ce, "Shiga, Yaya, mota ce." Ya rufe a hankali, ya zagayo ya matsu a baya tare da mu. Na miƙa hannu ta tsakanin kujeru na ajiye takalman a ƙasa, gaban kujerar, bakinsu yana kallon gaba. Igiyoyin na bar su a kwance.

Muka kama hanya, rediyo a kashe. Baffa Obed ya sunkuya kusa da kujerar gaba, tafin hannunsa a kan jingina, yana bubbuga ta da yatsa kafin kowace magana.

"Ga kasuwa mun wuce, Yaya. Ga gadar jirgin ƙasa, za mu hau. Riƙe da kyau."

Motar ta hau gadar, takalman suka ɗan zame suka jingina da juna.